Wayar Rediyon Baba a Utaibiyya

Shekara talatin da wani abu mahaifina ya yi yana tuƙa motar ruwa a Makka, irin tankar nan da muke kira wayit. Ciwon suga ne ya sauke shi daga mota. Ya fara da gani dishi-dishi, kafin shekara biyu ya daina bambance ni da ƙanwata sai mun yi magana. Ranar da ya miƙa makulli, mai motocin ya cire rediyon oba-oba da ke cikin motar, wanda direbobi ke kira lasilki, ya ba shi kyauta tare da takardar izininsa. Baba ya shigo da shi gida a rungume, ya ce a ajiye masa kusa da katifarsa.

A lokacin muna unguwar Nakkasa, can kusa da ƙololuwar dutse. Wani direba ya zo ya kafa eriya a kan guntun bututun ƙarfe, ya huda bango, ya zura wata baƙar waya da ba ta wuce taku shida ba. Shi ke nan aikin. Gidanmu na sama da kusan komai, don haka muryoyi na shigowa tar, kamar masu maganar na tsakar gida.

Baba na sauraron direbobi duka, amma mutum ɗaya yake jira. Muna kiran sa Kawu, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Mutumin Damagaram ne, ya zo aikin hajji tun ba a haife ni ba, bai koma ba. Sun yi shekaru a mota ɗaya, Baba na tuƙi, shi yana jan tiyo yana hawa saman gidaje. Da ƙafafunsa suka gaji sai aka ba shi gadi a filin da ake ajiye motocin, a kan hanyar fita zuwa Arfa. Bai taɓa samun iƙama, wato takardar izinin zama, ba, don haka ba shi da layin waya da sunansa, kuma ba ya son yin nisa da filin. Baba kuwa ya tsani wayar hannu tun da ganinsa ya tafi, ya ce gilashi ne sumul, yatsa ba ya sanin inda ya sauka. Lasilki maɓalli ɗaya gare shi: ka danna ka yi magana, ka saki ka saurara. Akwai ɗaya a ɗakin gadin Kawu.

Kullum bayan la'asar sai mu ji muryarsa mai kaushi.

"Kai Bakano, kana raye?"

"Ina raye, bawana. An ba ka abinci yau, ko in aiko maka da ƙanzo?"

"Ƙanzon Kanawa? Ku da kuke auna miya da cokali?"

Haka za su yi ta yi har kusan magariba, sauran direbobi na sa baki suna dariya. Umma kan ce mutanen nan biyu ba su taɓa gaya wa juna magana mai daɗi ba tun da ta san su.

Sai rusau ya iso layinmu. Aka shafa wa bangonmu jan fenti, aka ba mu wa'adi. Ranar kwasar kaya na sauke eriyar, amma wayar ta maƙale a cikin siminti, na ja ta ƙi fitowa. Mai motar kaya na ta danna hon a ƙasa. Na sa filaya na datse ta, na bar ta a bango.

Mun samu haya a unguwar Utaibiyya, ɗakuna uku a ƙasan wani bene mai hawa huɗu, a lungun da rana ba ta shiga sai da azahar. Benaye ta ko'ina, bayansu kuma duwatsu. Dole eriya ta hau can sama, wayar kuma ta sauko hawa huɗu ta shiga ta tagar Baba. Mai gidan ya yarda. Saura ni.

Ni direban wata motar raba abinci ne, ina fita da asuba in dawo a gajiye. Kowace safiya Baba zai ce, "Yau za a duba maganar wayar nan?" In ce masa in sha Allahu. Sai da muka yi wata guda a haka. Wata Juma'a na tsaya a shagon kayan lantarki da ke bakin titinmu, na ga naɗin wayar dish. Zagayayya ce, da zuciya a tsakiya, da saƙar ƙarfe a kewaye, kamar dai wadda na datse. Ban tambayi kowa ba, na sa aka yanko min.

Da na kawo, Baba ya ce in ba shi. Ya bi ta da yatsu, ya lanƙwasa, ya ɗaga ta a tafin hannu.

"Wannan ta fi waccan tauri," ya ce. "Kuma ba ta da nauyi."

"Baba, waya ai waya ce."

Ya miƙo min ita.

Na hau sama na ɗaure eriya, na sako wayar ta bayan gini. Wurin haɗa kan da ake murɗawa a bayan rediyo ne na sha wahala. Na fere robar, na yi ta ɗiga dalma a kan saƙar, dalmar na mirginewa tana faɗuwa ƙasa kamar ɗigon ruwa a kan leda. Zafi ya ishe ni. Na murɗe silallan da hannu, na tura su cikin kan, na naɗe da baƙin salatif, na ce wa Baba an gama.

Ya gyara zama, ya yi bisimilla, ya danna. Ya kira Kawu, shiru. Ya sake kira, ya daɗe yana magana, yana ba shi labarin sabon gida, yana cewa ko ba ka amsa ba na san kana ji. Umma ce ta fara jin ƙauri daga kicin. Na taɓa bayan rediyon, na janye hannu da sauri.

Da na warware salatif ɗin na haska, sai ga wani sili guda na saƙar, siriri kamar gashi, ya lanƙwaso ya kwanta a kan zuciyar wayar. Na cire shi, na mayar da kan. Nan take ɗakin ya cika da shuuu, da muryoyin direbobi can nesa. Na yi murna, na ɗauka an tsira.

Washegari bayan la'asar muryar Kawu ta shigo, a raunane amma ana gane ta.

"Kai Bakano, kana raye?"

Baba ya kusa faɗowa daga katifa wurin laluben abin magana. "Ina raye! Ina raye, bawana, ga ni a Utaibiyya!"

Ya saki maɓalli. Muka jira.

"Kai Bakano," in ji Kawu. "Kwana talatin da uku ke nan. To, Allah ya sa lafiya."

Rediyon na ji, amma ba ya fitar da magana. Abin da na ƙona ke nan.

Na samu wani direban wayit a gidan mai, na ba shi saƙo ya gaya wa Kawu muna lafiya, rediyo ne ya samu matsala, Baba na jin sa amma ba ya iya amsawa. Saƙon ya isa, domin kwana biyu bayan haka Kawu ya shigo da dariya har yana tari.

"An ce kunnenka na aiki, bakinka ya mutu. Alhamdu lillahi! Shekara arba'in ina roƙon Allah ya nuna min wannan rana. Yau Bakano zai yi shiru ya saurari manya."

Daga ranar ya mayar da abin kamar tashar labarai. Zai faɗi motar da ta lalace, da direban da ya yi aure, da kyanwar da ta haihu a ƙarƙashin tsohuwar tanka. Wani lokaci ya tuno wata tafiya da suka yi, ranar da birki ya ƙi a gangaren wani dutse, ya ce kai ne ka fara kuka, kada ka musa. Baba kuwa sai ya danna maɓalli ya musa. Ya san sarai maganar ba ta wuce ɗakin, amma yana dannawa, ya rama zolayar, ya saki, ya jira. In na dawo aiki da wuri ina tsayawa a bakin ƙofa in ji su. Ban iya daɗewa. Kowace amsa da Baba ya bayar, ni na san inda ta tsaya, na kuma san wanda ya tsayar da ita.

Mako uku ana haka. Alhazai sun fara cika gari. Wata safiya na shiga ɗakinsa na fara kwance rediyon.

"Ina za ka kai shi?"

"Wurin gyara, Baba. Kwana uku kawai."

"Bar shi sai bayan aikin hajji. Ai ina jin sa, hakan ma ya ishe ni."

"Gara a gyara ku yi barka da salla da bakinku."

Ya ɗora hannu a kan rediyon, ya ɗan jima, sannan ya ɗauke. Na sha gaya wa kaina cewa don shi na yi. Gaskiyar ita ce na gaji da jin kunyar abin da na ɓata.

Mai gyaran wani dattijo ne ɗan Yaman, shagonsa ƙarami a bayan wata kasuwa. Na tafi masa da rediyon da guntun wayar. Ya sa tabarau, ya kankare saƙar da wuƙa, ya nuna min farin ƙarfen.

"Wannan alminiyam ne, dalma ba ta kama shi. Wayar talabijin ce, lambarta saba'in da biyar. Na'urarka mai lamba hamsin take so, ta tagulla. Da ka haɗa kan da kyau, da ta lallaɓa ta yi aiki ko ba daɗi. Silin da ya taɓa tsakiya shi ya kashe ta. Ƙarfin da ya kamata ya hau eriya, shi ya dawo ciki ya dafa ta."

Ya ce abin da ya ƙone ƙarami ne, amma sai an kawo daga Jidda. Na koma bayan kwana uku, bai iso ba. Na koma bayan mako, hanya ta yi wuya saboda shingayen bincike na lokacin hajji. Zuwa na uku na tarar da shagon a rufe da kwaɗo, maƙwabcinsa ya ce dattijon ya tafi sai bayan salla. Rediyon Baba na ciki.

Da na gaya wa Baba, cewa kawai ya yi, "To." Can ya ce, "Ko za ka kai ni filin in gan shi?" Haka yake faɗa, in gan shi, har bayan da ya daina gani. Na ce masa an fara rufe hanyar Arfa ga ƙananan motoci, kuma gobe za a tura mu can da aiki, a bari a sauke farali. Duk gaskiya ne. Amma da na so, da na kai shi a yammacin nan, akwai hanyar baya da na sani.

Kwana goma sha biyu na yi tsakanin Arfa da Mina, ina jigilar tukwanen shinkafa da ƙanƙara, ina kwana a cikin mota. Sau biyu na wuce ta kusa da filin Kawu, ina hango katangarsa. Motar cike da abinci mai zafi, ana ta kira na a waya. Ban tsaya ba. Ban kuma aika masa cewa an ɗauke rediyon daga ɗakin Baba ba. Abin bai ko zo min a rai ba.

Umma ta ce a kwanakin nan Baba na idar da la'asar zai koma bakin katifa, ya zauna yana fuskantar teburin da babu komai a kai, har a kira magariba.

Sai da alhazai suka fara watsewa dattijon ya buɗe shago. Ya gyara rediyon a gabana. Wannan karon ban yi gaggawar komai ba. Na riga na sako igiya daga saman bene zuwa taga na auna tsawon, na ƙara kaɗan. Ya ce da tafiyar gajera ce da siririyar waya ta isa, amma hawa huɗu sai mai kauri, in ba haka ba rabin muryar a hanya za ta zube. Ya sauko da wani naɗi mai kaurin ɗan yatsa, ya yanka bakin ya nuna min saƙar tagulla ja, a cike, ba a ganin farar robar da ke ƙarƙashinta. Ya hana ni yin gami a tsakiya, ya ce guda ɗaya daga sama har ƙasa. Sannan ya zaunar da ni, ya sa na haɗa kai a kan wani guntu sau uku, yana kallo, yana bugun hannuna in na matsa wuƙa da yawa. Ya ara min mitoci biyu.

Da sassafe na hau, kafin rufin ya yi zafi. Na fere robar waje a hankali, na tattara saƙar sili-sili na kwantar da ita baya, na duba ta a hasken rana ta kowane gefe. Dalma ta kama tagullar nan take, ta shige ta yi sheƙi. Kafin in ɗaura a eriya na sa mitar farko tsakanin zuciya da saƙa, ba ta yi ƙara ba, alamar ba su taɓa juna ba. Na naɗe mahaɗin da salatif mai hana ruwa. Na bi bango ina kafa wayar, ban matse ta ba, ban karya ta a kusurwa ba, na kauce wa wayoyin wuta da na'urorin sanyaya ɗaki. A bakin taga na bar mata ɗan lanƙwasa zuwa ƙasa don in an yi ruwa ya ɗige a waje. Da na sa mita ta biyu na danna maɓalli, allurar da ke nuna ƙarfin da ke dawowa ko motsin kirki ba ta yi ba. Ban taɓa yin wani aiki da hannuna da ya kai wannan kyau ba.

Baba ya shafa wayar inda ta shigo ta taga. "Yauwa," ya ce. "Wannan ita ce."

Ya ƙi gwadawa sai lokacinsu ya yi. Bayan azahar ya yi wanka, ya sa farar riga, ya ce Umma ta ba shi turare. Ta ce, "Alhaji, ta rediyo ake jin ƙamshi?" Ya ce ba ruwanta. Muka yi la'asar tare a masallacin lungu, na riƙo hannunsa muka dawo. Yana ta shirya abin da zai faɗa, ya ce bashin zagi na mako bakwai zai sauke wa mutumin nan yau.

Ya danna. "Kai Badamagare, bawana, bakin ya tashi. Fito."

Shuuu.

Ya sake. Wani ya amsa da Larabci cewa ana jin sa da kyau, daga ina? Baba ya gode masa, ya sake kiran Kawu. Sai wata murya ta shigo da Hausa, na gane ta, direban nan ne da na ba saƙo a gidan mai.

"Salamu alaikum. Alhaji, kai ne?"

"Ni ne. Ina tsohon nan ya shiga?"

Mutumin ya danna, muna jin ƙarar injin motarsa, ya saki. Ya sake dannawa.

"Alhaji, ashe ba ku ji ba. Sai haƙuri. Allah ya yi masa rasuwa, kwana huɗu bayan salla. Tarin nan ne ya zo da zazzaɓi. An yi masa salla a Harami. Mun nemi gidanku, babu wanda ya san inda kuka koma a Utaibiyya."

Baba ya yi salati a hankali, abin magana na kan cinyarsa. Umma ta zauna a ƙasa a bakin ƙofa.

"Amma ai ka ji shi, Alhaji," in ji direban. "Bai fasa ba ko rana ɗaya, har ranar Arfa. Kwana biyu kafin ya cika ma da kai ya yi ta magana. Ya ce, Bakano, wasa ya ƙare, in na taɓa yi maka wani abu ka yafe min, ni na yafe maka duniya da lahira. Duk wanda ke kan hanya a ranar ya ji. Ya ce ya san kana saurare."

Ina tsaye a jikin taga, wayar na taɓa kafaɗata. Na jira Baba ya ce bai ji ba, ya faɗi dalili. Ya ɗaga abin maganar, ya danna.

"Na gode, ɗana. Allah ya yi maka albarka. Ku shaida na yafe masa." Ya saki, ya sake dannawa. "Babu ma abin da ya yi min."

Ya miƙa hannu ya lalubo makunnin ya kashe.

Na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, ni ne. Ni na ɗauke shi, ka ce in bari." Ya ɗora hannu a kaina, ya bar shi a nan. Bai ce laifina ne ba, bai kuma ce ba laifina ba ne. Da ya buɗe baki, tambaya ya yi, ko na san maƙabartar da aka kai shi.

Washegari da hantsi na kai shi. Fili ne mai faɗi a bayan gari, kaburbura jere-jere, babu suna a kan ko ɗaya, sai ƙananan duwatsu. Na tambayi wani ma'aikaci inda aka sa waɗanda suka rasu a makon salla, ya nuna min wani ɓangare da hannu, layuka sun fi goma. Na ja Baba muka tsaya a bakin wurin.

"Wanne ne?" ya ce.

"Ban sani ba, Baba. Yana cikin waɗannan."

"Juya ni in fuskance su."

Na kama kafaɗunsa na juya shi. Ya yi sallama, ya ɗaga hannu, ya daɗe yana addu'a, hawaye na bin gemunsa. Rana ta yi zafi, na buɗe lema na riƙe masa. Da ya shafa, ya ce Kawu na da wata ƙanwa a wani ƙauye kusa da Damagaram, in tana raye ya kamata ta sani, amma shi sunan ƙauyen ya ɓace masa. Muna tafiya zuwa mota yana ta gwada sunaye a bakinsa, ya faɗi ɗaya ya girgiza kai, ya faɗi wani. Har muka iso gida bai tuno ba.